Sunan da Ban Kira Ba a Hanyar Illela

Malbaza, ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga Mai sunan Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka a Yamai. Allah ya tsare ka zaune, ya tsare ka tafe, ya sa ƙafafun da za ka fita da su su ne za su dawo da kai. Innarka tana gaishe ka, ƙanwarka Rakiya ma haka. Labarin gida ba zan ba ka ba, kana jin sa a waya kullum, kuma ba shi ya zaunar da ni ba.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna. Rabona da cika takarda tun ina lakwal, makarantar boko, shi ya sa layukan suke hawa suna gangarawa, sai ka yi haƙuri da su. Sau uku ina danna waya in yi maka magana, sau uku ina gogewa. Rakiya ta ce in faɗa ta rubuta, na ce a'a, akwai abin da ba zan iya faɗa a gabanta ba. Hamidu, direban kamiyon siminti, babbar motar nan da za ta tashi zuwa Yamai jibi, shi zai kawo maka.

Ranar Juma'a ka kira ka ce tafiyar ta tabbata. Ku goma sha biyu za ku shiga jirgi zuwa Turkiyya, ku ɗauki baburan haya, ku yi mako biyu kuna zaga duwatsu, ba fatauci ba, ba ziyara ba, don daɗin tuƙi kawai. Ni da na yi shekara ashirin da ɗoriya ina kabu-kabu a Konni don a ɗora tukunya, ban taɓa zaton zan haifi wanda zai hau jirgin sama don ya je ya hau babur ba. Na ce maka to, Allah ya kiyaye. Ban hana ka ba, ba kuma zan hana ka ba, ka girma, guminka ne. Amma kafin ka ajiye waya sai ka ƙara da cewa, "Baba, ni anka ce in ruhe baya, tunda na iya gyara." Wato kai ne na ƙarshe a ayari. Da murna ka faɗe ta. Tun daga wannan magana abinci ya daina shiga mini. Innarka ta ce ciki ne, ta jiƙa mini sassaƙe, na sha don a zauna lafiya. Ba ciki ba ne, tsoro nake ji.

Ban san Turkiyya ba, ko a taswira sai Rakiya ta nuna mini. Abin da na sani kurakuraina ne, su kuma suna da yawa. Zan fara da ƙananan, ko na samu ƙarfin zuciyar kaiwa ga babban.

Shekarar da na fara sana'a, babur ɗina ya lalace, na ari na abokina Garba Dogo in kai saƙo Galmi. Ban tambaye shi komai ba, don a ganina babur babur ne. Nawa birkinsa na gaba ya saki, sai ka matse shi da dukan ƙarfinka kafin ya san da kai kake. Na Garba kuwa sabon ɗauri ne. Ina isa bakin kasuwa wani jaki ya gitta, na damƙe birki yadda na saba. Babur ya tsaya cak, ni ban tsaya ba. Ta saman kansa na wuce na faɗa cikin buhunan albasa. Mai albasar, wani tsoho, ya leƙo ni ya ce, "Kai wanga, saye kaz zo yi ko kwana?" Duk kasuwa aka yi ta dariya, ni kuwa mako uku ban iya ɗaga hannun dama ba.

To kai ma babur ɗin wani za a ba ka. Kada ka ce kai ɗan mai gareji ne, ka girma cikin baƙin mai, ka san komai. Ba ka san wannan ba. Ka nemi wuni guda kafin a tashi, ka zaga da shi a fili, ka taka birkin baya, ka matse na gaba, ka ji inda yake kamawa. Ka duba taya da sarƙa da hannunka, ko da mai hayar ya rantse maka ya duba. In ya ɓata rai, ya ɓata, ba shi zai hau ba.

Na biyu, haƙoran nan biyu da ku da Rakiya kuke mini dariya a kansu. Na ce muku ƙashi na tauna, ƙarya na yi. Tsakanin Malbaza da Tsarnawa ne, wata rana ana iska mai ƙarfi, na samu dabara na laɓe a bayan kamiyon siminti. Iska ba ta taɓa ni, mai ba ya ƙonewa, har ina yaba wa kaina wayo. Idona na kan fitilarsa ta baya, inda ya bi nan nake bi. Ashe akwai rami a tsakiyar hanya. Shi ramin ya wuce tsakanin tayoyinsa bai ma sani ba, ni kuwa sai da ya fito daga ƙarƙashin motar na gan shi, lokacin ba sauran dabara. Hular kwanona kuma tana rataye a gwiwar hannu, don a zamaninmu ba ma sa ta sai mun hango jandarma. Gwiwar hannun ko ƙwarzane ba ta yi ba.

A tafiyar ayari wannan kuskuren ya fi sauƙin yi. Mutum ya kafa ido a kan na gabansa, ya bar masa tunani, ya manta da hanya. Na gabanka yana iya kauce wa dutse a ƙurarren lokaci ya bar ka da shi. Ka ba da tazara, ka kalli hanya da idonka. Hular kuma a ka ake sa ta, a ɗaure igiyar, ko shago za ka leƙa.

Akwai kuma ranar da na sha fura da rana tsaka na ɗauki wani ɗan kasuwa zuwa Bazaga. Barci ya fara fizgata, na ji kunyar in ce masa mu tsaya ƙarƙashin itace, kada ya ce ya hau babur ɗin rago. Cikin gonar gero muka farka, ni da shi da kajinsa. Allah ya taƙaita, gero ne kawai ya karye. In ka ji barci, ko sanyin duwatsun nan da ake faɗa ya kashe maka yatsu, ka ɗaga hannu ka tsaya. Lokacin salla ma kada ka ji nauyin kowa, ka sauka ka yi, jikinka ya huta.

Yanzu na zo wurin da nake ta kewayewa.

Ka tashi ka ga kakanka Malam, mahaifin innarka, yana jan ƙafa da sanda. An ce maka ya faɗi a babur ne, kuma gaskiya ne. Abin da ba a gaya maka ba shi ne ni na bar shi a hanya.

Innarka tana da cikinka wata biyar a lokacin. Aka gayyace mu ɗaurin aure a wani ƙauye bayan Illela, ta wajen Tawa nake nufi, ba ta tsallaken iyaka ba. Ƙarshen damina ne, mu tara, kowa da babur ɗinsa, aka ce ni in ja gaba tunda na fi sanin hanya. Malam ya taso daga Bazaga da ƙaramin babur ɗinsa, farar riga, farin rawani. Na aika Garba ya roƙe shi ya hau bayan wani, ya ƙi. Na sa a ce masa to ya shiga tsakiya. Ya ce wa Garba, "Ku tahi gaba, ku samari na. Ni a hankali nika tahiya, in biyo baya." Ka lura, duk maganar nan ta bakin Garba muka yi ta, alhali tsakanina da shi bai fi taku biyar ba. Surukina ne. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, sunansa kuwa ko wani aka kira da shi a kasuwa sai in sunkuyar da kai.

Muna da al'ada a ayari, duk inda aka tsaya, jagora ya kira sunan kowa, kowa ya amsa. A Tsarnawa na kira. Garba, na'am. Sale, na'am. Haruna, na'am. Har mutum bakwai. Na takwas ba na kiran sa, ta wutsiyar ido nake satar kallo, in na ga farin rawani sai in tayar da babur. A Badagishiri, inda za mu bar gudron, wato kwalta, mu kama jar hanya, haka na yi. Yana zaune a kan babur ɗinsa, kansa a ƙasa, na ce a raina tasbihi yake yi.

Daga nan hanya ta ɓaci, ruwa ya cinye ta wuri-wuri. Muka tsallake wata ƙorama da ta zaftare gefe guda, muka ci gaba. A wata mararraba na sake tsayawa na kira suna, bakwai suka amsa. Na saci kallo, can baya na hango farar riga da rawani a kan ƙaramin babur yana tahowa. Na ce alhamdu lillahi, muka wuce. Sai da muka isa ƙauyen, aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo ruwa, uban amarya ya ce, "Ina Malam? Shi muka jira shi ɗaura." Na waiwaya na nuna mai farar rigar da ke jingine babur. Ya juyo. Wani mutum ne dabam, mai sayar da turare, wanda ban taɓa gani ba.

Ban san yadda na hau babur ba. Abin da na tuna shi ne ina gudu ina duba kowane kwazazzabo, kuma ko a lokacin ban iya buɗe baki na kira sunansa ba. "Baba! Baba!" nake ta yi cikin daji. Garba ne a bayana yake ƙwala ainihin sunan.

A ƙoramar nan ya faɗa, ta gefen da ya zaftare, babur ya danne masa ƙafa. Daga kan hanya ba a ganin sa. Tun hantsi yake kwance cikin rana har bayan azahar, sai da wata Bafillatana mai tallar nono ta ji nishinsa, ta kira masu amalanken jaki suka ciro shi. A hanya muka gamu da su. Ƙashin cinya ya karye, kuma daɗewar da ya yi a danne ta ɓata ƙafar. Likita ya ce da an kawo shi da wuri, da wata magana ake yi.

Kwana goma sha ɗaya ina zuwa asibiti ina tsayawa a bakin ƙofa. Ran na goma sha biyu ya sa aka fitar da kowa, ya ce in shigo. Na durƙusa nesa da gado. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi, da na fi samun sauƙi. A hankali ya ce, "Idi, tun Badagishiri nika ganin juwa. Na so in hwaɗi. Ina ji kana kiran kowa, ina jira ka zo kaina in ce maka a dakata. Ba ka zo ba. Ni kuma na ji kunyar in tsai da surukina gaban mutane." Sannan ya ce, "Da ka kira, da na amsa."

Shekara talatin da ɗaya ke nan, kuma ba ranar da zan ga ayarin babura ban ji wannan magana ba. Innarka ta san komai, ba ta taɓa goranta mini ba ko sau ɗaya. Malam ya rayu shekara goma sha tara bayan haka, bai ƙara hawa babur ba, bai ƙara zuwa gonarsa da ƙafarsa ba, har Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ka ga dalilin da maganar rufe baya ta hana ni cin abinci. Wanda ke rufe baya yana ganin kowa, ba mai ganin sa. In na gaba ya faɗi, mutum goma sha ɗaya za su tsaya a kansa. In kai ka faɗi, ayari zai ci gaba da tafiya, kowa yana jin daɗin duwatsu.

Hoton da ka aiko na ranar gwajinku, na ɗauke shi na shiga gareji na zauna da shi. Dukanku baƙar riga iri ɗaya, hula iri ɗaya, gilashi a rufe. Wallahi ban gane ka ba. Innarka ce ta nuna ka, ta ce ga shi nan, tsayuwarsa ce. To in ni da na haife ka na kasa, ina ga abokin tafiyarka Bature da ya san ka wata uku? Zai waiwaya ya ga baƙar hula can baya, ya ce ga shi nan tafe, kamar yadda na ga farin rawani.

Don haka ga abin da nake roƙon ka, kuma roƙo ne, ba umurni ba. Kafin ku tashi, ka samu jagoranku ku zauna. Ka ce masa duk inda aka tsaya, kada a ƙirga huluna, a kira suna, kowa ya ɗaga gilashi ya amsa da bakinsa. In ya ce su suna da na'ura a kunne da suke magana da juna, ka ce masa madalla, a haɗa da wannan, na'ura tana mutuwa a bayan dutse. In ya tambaye ka dalili, ba shi labarina, ban damu ba, ka ce wani wawa ne a ƙasarku ya yi haka.

Sannan wanda zai kasance a gabanka, ka riƙe shi da kyau. Ku ci abinci tare, ka san sunan ƴaƴansa, ya san na innarka. Ku yi alkawari, in ya duba madubi bai ga fitilarka ba, ya tsaya nan take, ba sai an kai mararraba ba. A bidiyon da ka turo na ji wani yana kiran ka da wani guntun suna da ban san inda aka samo shi ba. Ka koya musu na gaskiya, wanda ke cikin fasfo, su maimaita har bakinsu ya saba. Ka rubuta shi a takarda da lambar gida, ka sa a aljihun ƙirji, ba cikin jaka ba.

Ka ce mini akwai wani dattijo a cikinku, likita mai ritaya, wanda kake jin nauyinsa. Shi na fi so ka sa wa ido. In ka ga kansa a ƙasa, kada ka ce tunani yake yi. Ka je gabansa, ka kira shi, ka tambaye shi. Girmamawar da za ta hana ka tambayar mutum lafiyarsa, na gwada ta, ka kuma ga inda ta kai mu.

Kai kanka kuma na fi jin tsoro. Halin Malam ka ɗauko kaf, ciwo yana cin ka kana cewa lafiya lau. Ranar da salansa ya ƙona maka ƙafa kana saurayi, kwana huɗu ka ɓoye, sai da wari ya tona ka. Can ba innarka da za ta gane ka ta tsayuwa. In ka ga jiri, in hannunka ya mutu, in babur ya canza kuka, kada ka jira a zo kanka. Ka faɗa da ƙarfi, ko da tafiyar kowa za ta tsaya, ko da za su ce ɗan Nijar ya gaji. Su ce mana, kai dai ka dawo.

Saura abu ɗaya. Wata huɗu bayan faɗuwar Malam aka haife ka. Ni na roƙa a sa maka sunansa, ina ganin ko hakan zai rage mini nauyin da ke ƙirjina. Da aka gaya masa ya yi kuka. Sai dai ban yi tunanin abin da na jawo wa kaina ba: ga ka ɗan fari, ga ka mai sunan suruki, kunya biyu a kan mutum ɗaya. Tun ranar suna ban taɓa kiran ka ba. "Kai" nake cewa, ko "Mai sunan Malam", ko in ce wa Rakiya ta kira yayanta. Ranar da za ka tafi Yamai, a tashar Konni, kowa ya rungume ka, ni ina duba tayar motar, na ce wa direba iskarta ta yi ƙasa. Ban sani ba ko ka ɗauka ban damu ba ne. Na damu, a ranar ban iya buɗe gareji ba.

Ba na zagin al'adarmu, a cikinta na girma, a cikinta zan mutu. Amma sau ɗaya na bar mai wannan suna a bayan ayari saboda bakina ya yi nauyi, kuma yanzu ga mai sunan zai rufe bayan wani ayarin a ƙasar da ba zan iya hawa babur in koma neman sa ba. Ba zan sake yin shiru ba.

Ga yadda za mu yi. Kowace yamma in kun sauka, ka kunna waya. Ba zan tambaye ka labarin duwatsu ba, wannan ka ajiye wa Rakiya. Suna zan kira, kai kuma ka amsa, shi ke nan, sai in iya cin tuwo. Jiya bayan la'asar da gareji ya watse na rufe ƙofa na gwada. Sau biyu ya maƙale, na uku ya fito.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ku goma sha biyu cif. Allah ya tsare gabanku, ya tsare bayanku, ya kawar da idonku daga barci, ya riƙe tayoyinku a kan hanya. Ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa in ka yi kira a ji ka. Innarka ta ce ka ɗauki rigar sanyi biyu, kada ka yi mata gardama.

Ya Allah, ga ɗana nan a hannunka, ka dawo mini da shi.

Isufu. Isufu, da kai nake. Ka amsa.

Ni ne mahaifinka,
Idi mai gyaran babur, Malbaza.